Hannun Kofin Yana Hagu

Zuwa ga taubashiyata Tela,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata idanunki sun yi sauƙi, har kina zura zare a allura ba sai kin tara maƙwabta ba. Ni lafiya lau nake, in ban da gwiwar nan da take sanar da ni ruwan sama tun hadari bai haɗu ba. Ki gaida mutanen gidanki, ki gaida jikata 'Yar Alli da kike riƙe mini.

Kada ki ce me ya hana ni buga waya. A waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa. Kuma ban zauna a benci da furfurata a ajin yamma don biro ya bushe a aljihu ba.

Albishirinki, ko da yake kin riga ni ji. 'Yar Alli ta aiko mini cewa malamanta na makarantar zane sun karɓi aikinta na ƙarshe. Za a rataye shi a babban zaure ranar baje kolin 'yan ajin fita, kuma da shi za a ba ta takardar gamawa. Ta ce sunan zanen Kakata. Tela, da na karanta wurin nan sai na gan ni a tsaye, gwiwar ma ta manta da ciwonta. Mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, matar da ko hoton fasfo sai an lallaɓe ta, ita ce za ta hau bango manyan mutane su tsaya suna kallo!

Na gaya wa mai aski. Na gaya wa mai shayi na bakin titinmu. Na gaya wa 'yan ajinmu gaba ɗaya, har malamarmu ta sa aka tafa mini.

Kin san abin da na yi da rayuwata. Burodi, kofin shayi, ƙwai a faranti, kifi yana murmushi, su na yi ta zanawa a allunan masu sayar da abinci tun ina saurayi. Haruffan ma kwaikwayonsu nake yi daga takarda ban san me suke cewa ba. Sai da ɓarin jikin mai ɗakina ya shanye, na ga ko takardar maganinta ban iya karantawa ba, sannan na shiga aji. Aikin yunwa ne aikina. Ka zana abinci wani ya gani ya shiga ya ci, kai ka koma gida da fenti a farce. Tun yarinyar nan tana rarrafe a shagona tana ɓata mini daɓe da alli, bayan rasuwar uwarta, na ɗaukar wa kaina alkawari: wannan ba za ta zana burodi ba. Ga shi Allah ya cika mini.

Ki sa a ɗauko mini hoton zanen, a wanke babba, ki ba direban da ke kawo miki yadi. Ina so in ga wane mayafi ta sa mata. Ina fata kuma fuskarta ta da ta zana, ta kafin ciwo ya karkata mata baki.

Naki,
Mai Fenti


Zuwa ga Mai Fenti, tsohon ɗalibi,

Na samu takardarka, na kuma ga rubutunka ya fara miƙewa, ya daina gangarowa kamar akuya a kan tudu. Sannu da ƙoƙari. Idanun suna nan yadda ka sani, na hagu ya fi taurin kai, likita yana ta maganar aiki. Ga gwiwarka kuwa, ka rage yawon baza labari, za ta huta.

Yarinyarka lafiyarta ƙalau. Ba ta da aiki sai zane, ta cika mini ɗakin baya da warin fenti, har masu kawo ɗinki suna tambaya ko na canza sana'a. Abinci ma sai na tsaya a kanta.

Ga hoton nan a cikin ambulan. Amma ka ji abin da zan gaya maka: ba irin wanda kake zato ba ne. Ka buɗe shi a gida, kai kaɗai, ka zauna ka dube shi a natse. Kada ka kwashe shi ka yi wajen mai aski.

Akwai kuma waƙa da za a ajiye kusa da zanen. Waƙar nan ce da ta yi tashe a motocin haya shekarun baya, mai kiɗa da sauri, wadda wani yaro mai siririyar murya ya yi. Ta ce kada in yi maka bayani, ita za ta yi da bakinta in ka zo. Saboda haka ka wanke babbar rigarka. In ta yi maka yawa ka kawo in rage, na san tsufa ya cinye ka.

Taubashiyarka,
Tela


Tela,

Muna lafiya. Gaisuwar ke nan, don yau ba ni da bakin doguwa.

Direba ya ba ni ambulan ina hanyar aji. Ban karanta takardarki ba sai daga baya, hoton na fara zarowa, a gaban kowa, mutum yana leƙowa ta kafaɗar mutum. Me za mu gani? Faranti. Kofi. Burodi. Babu fuska, babu mayafi, babu ko yatsan mai ɗakina. Sai wani tsohon direban tirela da ke zama bayana ya ce, “Mai Fenti, ashe burodi ka aura?” Aka kwashe da dariya, har malama ta juya tana goge allon da babu komai a kansa. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Wannan ne abin da aka koya mata? Na raba ta da shagona don ta fi ni, ta je ta yi shekaru ta dawo mini da aikina? Kuma ko aikin nawa ba ta iya ba. Bari in gaya miki, tunda ke ɗinki kika sani.

Hannun kofin yana hagu. Duk wanda ya taɓa riƙe buroshi a bakin titi ya san dama ake juya hannun kofi, don mai wucewa ya ji kamar ya miƙa hannu ya ɗauka. Wa yake shan shayi da hagu? Shayin kuma rabin kofi ne, kamar mai shagon marowaci ne, kuma babu tururi. Ni ko ina gyangyaɗi sai na ja layukan tururi a sama. Shayin da ba ya tururi ai ruwan wanke kofi ne.

Burodin fa? Burodin allo ɗungurungum ake zana shi, bayansa yana sheƙi. Nata an yayyanka shi ƙanana kamar za a watsa wa kaji. Sannan can sama, a bakin faranti, ga wani dabbare shuɗi, kamar ta goge buroshi ta manta.

Abin da ya fi ci mini rai, teburinmu ne. Na gane ledar da ke kansa mai furanni, har da ƙunar da tukunya ta yi mata. Na gane farantin da bakinsa ya ɓantare. Wato talaucinmu za ta rataye a zaure, ta rubuta sunan kakarta a ƙasa, baƙi su zo su ga a kan me muke ci. Matar da ko baƙo ne ya zo sai ta ɓoye farantin nan a ƙasan sauran.

Sai waƙa. Na san ta sarai, wa bai sani ba? Ita ce ta hana mu sakat a unguwa, yara suna karkaɗa kafaɗa, masu babur suna tashin mutane da ita. Hayaniya ce kawai da ganga. Ita za a saki a kan sunan matar da ke kabari? In rawa suke so su je gidan biki.

Ki zaunar da ita ki tambaye ta me kakarta ta yi mata, ni kuma me na yi mata. Ina jiran amsa da direban nan in ya juyo.

Mai Fenti


Tela,

Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannunsa wayam. Na tambaye shi ko lafiya, ya ce shi dai ya ga shagonki a rufe, ya ba wata mata takardar a ƙofar gida. To, na gane. Kun haɗa kai ke nan, ke da ita, an bar tsoho ya yi ta haushi har ya gaji.

Na daina zuwa aji. Duk inda na bi sai in ga kamar ana nuna ni. Jiya mai shayi ya miƙo mini kofi, ya juya hannunsa hagu yana murmushi. Na ajiye masa na tafi.

Tunda ba a ga damar ba ni amsa ba, ga tawa maganar. Ki gaya mata ni kakanta, wanda ya goya ta a shago, na ce a sauke zanen nan. Ban yarda a rataye shi ba, ban yarda a sa sunan matata a ƙarƙashinsa ba, ban yarda da waƙar ba. In ta rataye shi, ba zan zo ba, kuma kada ta kawo mini takardar gamawar in gani. Ta ajiye ta a wurin waɗanda suka koya mata raini.

Kada ki tausasa maganar in za ki faɗa mata. Yadda na rubuta haka nake nufi.

Mai Fenti


Kai Mai Fenti,

Gaisuwa, don an koya mini gaida na gaba da ni ko da ya yi abin kunya. Ka tambayi lafiyata? Ba ka tambaya ba. To an yi mini aikin idon. Shi ya sa shago yake rufe. Ina kwance da bandeji, an hana ni karatu, an hana ni ko sunkuyawa. Takardunka biyu suka taru a kan keken ɗinki.

Da na gaji da jira, ka san wa na ba ya karanta mini? Wa nake da shi a gidan in ba ita ba? Na ce, zo ki karanta mana wasiƙun kakanki mu sha dariya. Ta buɗe tana murna. Ta karanta ta farko, ta karanta ta biyu, har ƙasa, ba ta tsallake kalma ɗaya ba. Ina cewa bari, bari, ba ta bari ba. Ka ce kada in tausasa, to ka huta, da muryarta ta gaya wa kanta. Da ta gama ta ninke su yadda suke, ta tambaye ni ko lokacin ɗiga maganin idona ya yi.

Washegari ta je makaranta ta ce a cire zanenta. Malaminta ya ce in aka cire babu abin da za a duba a ba ta sakamako, sai ta maimaita shekara. Ya ce ta je ta yi tunani kafin ranar da za a rataye aiki, ƙarshen makon gobe. Ta ce babu wani tunani, Kaka ya hana. Yanzu zanen yana ɗakin baya an juya fuskarsa bango, ita kuma tana taya ni cire zaren tsofaffin riguna kamar wadda ba ta da abin yi a duniya. Shekara guda ta yarinya, saboda direban tirela ya yi maka dariya!

Ta ce kada in faɗa, amma ni ban yi wa kowa alkawari ba. Waƙar nan ba a lasifika za a saka ta ba, ɗan abin sawa a kunne ne, mai so ya ɗauka. Kuma ba muryar yaron kaɗai ce a ciki ba. Kai ka fi kowa sanin tun da ciwon ya kama mai ɗakinka ba ta sake furta kalma ba har ta koma ga Allah. To da yamma, in ka tafi ajinka, yarinyar takan kunna mata rediyo. Ran nan aka sako waƙar, sai ta ji kakarta tana bin amshin. Da kalmomi, tar, ba gurnani ba. Magana ta ƙi, amma waƙar tana fita. Kullum aka sako sai ta bi. Yarinya ta ce za ta gaya maka, tsohuwa ta kama mata hannu tana girgiza kai. Kunya take ji, ga shekarunta, ga ta san kana shigowa rediyo kake fara kashewa. Sai yarinyar ta ɗauki muryar a waya. Bayan rasuwa ta taɓa kunna maka, kana jin ganga ka daka mata tsawa ka ce gidan makoki ne. Ko ka manta?

Zancen kofi da burodi kuwa, ba zan yi gardama da gwani ba. Abu ɗaya na roƙe ka. Gobe da safe ka haɗa shayi da burodi yadda kake haɗa mata, ka ajiye a inda kake ajiyewa, kada ka yi tunani, ka bar hannunka ya yi. In ka gama, ka zagaya teburin ka zauna a kujerarta. Na san tun da ta tafi ba ka bar kowa ya zauna a kai ba. Ka zauna, ka duba gabanka, sannan ka rubuto mini darasin zane.

Da ido ɗaya na rubuta wannan, likita bai sani ba. In ya lalace, a wuyanka.

Tela


Zuwa ga taubashiyata, kuma 'yar'uwata, Tela,

Gaisuwa da ban haƙuri. Yaya idon? Allah ya ba ki lafiya, ya sa ki ga zare har ki ga abin da ya fi zare siranta. Kada ki sake rubutu, wannan ma 'Yar Alli ta karanta miki, da ita nake so a karanta.

Kin ji na bugo waya jiya na ce a rataye, na kashe. Ba raini ba ne. Na san in na bar ki kika fara, kuka zai zo mini a gaban mai aski, don da wayarsa na kira.

Da na karanta takardarki na yi fushi, na ce wannan mata har yanzu ba ta daina ba ni umarni ba. Na kwana da fushin. Da safe dai na ɗora ruwa. Na zuba shayi, na ga hannuna ya tsaya a rabin kofi shi kaɗai, don in ya cika yakan zube mata a cinya. Na ɗauko wani kofin na yi ta juye shi daga wannan zuwa wancan har tururin ya mutu, don ba ta iya hurawa. Na ɗauki wuƙa na yayyanka burodin ƙanana, don hannu ɗaya ba ya gutsurar burodi. Na tura farantin gabanta, na juya kofin. Ina daga kujerata na duba na ce, to ga shi, hannun kofi yana dama, yadda na faɗa.

Sai na zagaya.

Tela, hagu yake. Daga inda take zaune hagu yake, wajen hannunta mai rai. Ni da nake fuskantarta kullum a dama nake ganinsa. Na ɗauko hoton na riƙe kusa da teburin. Ƙunar leda, ɓantaren faranti, komai yana inda yake. Yarinyar nan ba kakarta ta zana a kalla ba. Zama ta yi a cikin idonta, ta zana abin da take gani kowace safiya. Shi kuma dabbaren shuɗin da na zaga, na kai hoton bakin taga na duba da kyau. Babban yatsana ne, da fenti a farce, na danne bakin faranti kada ya zame mata. Ina cikin zanen ban sani ba, har na kira kaina datti.

Na daɗe a kujerar nan. Shayin ma na shanye shi, da hagu.

Daga nan na tafi wurin mai aski na ce ya nemo mini waƙar a wayarsa. Ya zaci wasa nake. Na ce kowa ya yi mini shiru, har wanda ake yi wa aski. Shekara da shekaru tana shiga kunnena, ban taɓa sauraron abin da yaron yake faɗa ba, ganga kawai nake ji. Ashe a ƙarƙashin hayaniyar, maganar wadda aka bari a gida ce. Tana ce wa mai fita ya taka a hankali, ba ta kulle ƙofa ba, kuma ba inda za ta je, zai same ta inda ya bar ta. Wannan suke yi wa rawa a kan babur! Wannan kuma matata take rerawa, a kujerar da ba ta iya tashi daga kai, daidai lokacin da nake can ina koyon haɗa baƙaƙe. Mai aski ya ce, “Baba, in sake sawa?” Na ce ya sake.

'Yar Alli, ke nake wa magana yanzu. Juyo da zanen nan daga bango. Ki kai shi, ki sa sunan kakarki da manyan haruffa, in suna so ni zan rubuta musu, yanzu na san abin da haruffan ke cewa. Maganganun da kika karanta da bakinki, ki yafe wa tsoho. Na ce ba za ki zana burodi ba, ga shi kin zana, kuma ni da na yi rayuwata a kansa ban taɓa zana irinsa ba. Gyara ɗaya dai nake da shi, kada ki ce na sauka gaba ɗaya: shuɗin farcen ya yi haske. Nawa ya fi duhu. Zan taho da gwangwanin ki gani.

Jiya na koma aji. Na ajiye hoton a gaban direban tirela na ce, ka tambaya ko burodi na aura, to zauna in nuna maka matata. Na bi da shi kofi, faranti, yatsa. Da aka tashi ya tambaye ni ko zauren yana karɓar kowa da kowa. Saboda haka, Tela, ki ƙara shimfiɗa, wataƙila mu zo mu biyu. Murna ta hana ni zama, na wanke babbar rigar, ta yi mini yawa kamar yadda kika faɗa.

Abu ɗaya nake roƙo. Ban yarda baƙi su riga ni jin muryarta ba. In na iso, kada ki tsare ni da gaisuwa, kada ki kawo mini ruwa tukuna. Ku kai ni ɗakin baya, ku zaunar da ni a gaban zanen, 'Yar Alli ta sa mini abin a kunne, ku fita ku ja ƙofar. Amma kada ku kulle.

Naku,
Mai Fenti